Yaƙi a Cikin Waya: Me 'Ya'yanmu Suke Yi Su Huɗu-Huɗu?

Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Daura bayan magariba a 'yan shekarun nan ya ga abin da za mu yi magana a kansa. A bakin shagon caji, ko a gindin darbejiya, ko a kan benci a tashar mota, sai ka ga samari huɗu sun haɗa kai, kowa ya riƙe wayarsa a kwance da hannu biyu, manyan yatsunsa suna ta rawa a kan gilashi. Ba sa duban juna, amma bakinsu bai huta ba. "Ga shi can bayan dutse!" "Ku zo ku tashe ni!" "Kai, wa ya ce ka fito?" Baƙo in ya ji sai ya ɗauka faɗa ya tashi. Ba faɗa ba ne, wasa ne. Haka abin yake a Karkarna, hedkwatar ƙaramar hukumarmu ta Yankwashi, haka yake a Roni da Gwiwa da Babura.

Iyaye da yawa sun tambaye mu, mu malaman makarantar ikilisiya, ko mene ne wannan abu. Waɗansu sun ce, "Malam, yarona ya bar cin tuwo da zafinsa." Waɗansu kuwa tsoro suke ji, gama sun ji ƙarar bindiga tana fitowa daga ɗakin yara da tsakar dare. Saboda haka muka zauna kusa da masu yin wasan, muka sa ido, muka yi tambayoyi. Ga abin da muka gane.

Daga ina suka zo?

Wasanni uku ne suka fi yawa a wayoyin samarinmu. Na fari sunansa PUBG. Wani kamfani na Koriya ta Kudu ne ya fito da shi don kwamfuta a 2017, sa'an nan aka kawo shi cikin waya a 2018 da hannun kamfanin Tencent na ƙasar Sin. Na biyu shi ne Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a 2017. An yi shi marar nauyi domin ya yi aiki a ƙaramar waya mai araha, shi ya sa ya fi shiga ƙauyuka. A 2019 babu wasan waya da aka sauke a duniya kamarsa. Na uku shi ne Call of Duty Mobile, na kamfanin Activision na Amurka, wanda ya fito a watan Oktoba 2019, aka kuwa sauke shi sau miliyan 100 a makon farko kaɗai. A 2023 kamfanin Microsoft ya saye Activision a kan kuɗi wajen dala biliyan 69. Kun ga ashe a wurin masu shi ba wasan yara ba ne.

Mu tuna fa sai a 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. Waɗanda aka haifa a shekarar nan su ne yanzu suke aure. A ganinmu ɗalibai ne suka fi yaɗa wasannin a wannan yanki, gama akwai kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Yaro ya dawo hutu da wasa a wayarsa, kafin hutu ya ƙare ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta duk sun iya.

Yadda ake yinsa

A PUBG mutum 100 ne suke shiga jirgin sama guda, kowa yana zaune a gidansa, wani a Kano, wani a Masar, wani a Turkiyya. Jirgin ya ratsa wani tsibiri, kowa ya diro da laima a inda ya ga dama, hannunsa wayam. Sai a bi gidaje ana tsintar bindiga da harsashi da sulke da magani. Akwai wata da'ira da take ta tsukewa a kan taswira, wanda ya tsaya a bayanta jininsa yana raguwa har ya mutu. Da haka ake tilasta wa kowa ya matso tsakiya, a yi ta karo da juna har a bar rukuni ɗaya. A Free Fire mutum 50 ne, tsibirin ƙarami ne, wasan kuma yakan ƙare cikin minti goma ko sha biyar. Na PUBG yakan kai rabin awa. Call of Duty yana da irin wannan, yana kuma da na biyar da biyar a ƙaramin fili.

Ana iya shiga mutum shi kaɗai, amma yawancin yaranmu huɗu-huɗu suke shiga, suna jin muryar juna ta cikin wayar. A nan ne abin ya ba mu sha'awa.

Wanda ya yi langa ya san wannan

Mu da muka tashi kafin waya mun san langa a dandali da farin wata. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle, kowane gefe yana da ruwansa, wato wanda ake so ya kai gaci. Sauran aikinsu su tare masa hanya, su ture masu zuwa kāda shi. Mun sha ganin ƙato mai ƙarfi ya manta da ruwa, ya bi wani yaro yana so ya nuna bajinta, kafin ya waiwayo an kāda ruwansu, wasa ya ƙare. Ƙarfinsa bai amfane su da kome ba.

To, wannan ƙaton yana nan da ransa a cikin waya. A wasan biyar da biyar na Call of Duty akwai wanda ake cinsa ta wurin riƙe wani wuri, kowace daƙiƙa da rukuni ya yi a wurin ana ƙara masa maki. Amma kullum ba a rasa yaron da zai bar wurin ya tafi farautar abokan gāba, domin a ƙarshe a ga sunansa a sama da yawan waɗanda ya harbe. Ya harbe 30, rukuninsu ya sha kāshi, ya kuma juyo yana zagin sauran wai ba su iya ba. Samarin sun gaya mana babu wanda suke ƙi kamarsa.

Rukunin da ya daɗe tare kuwa, in ka zauna kusa da su sai ka ga tsari kamar na gayya. Tun suna cikin jirgi ɗaya daga cikinsu zai sa alama a taswira, ya ce nan za mu sauka, sauran su bi ba gardama. Wannan shawara ce babba. In suka sauka a babban gari za su sami kaya masu kyau, amma rukuni biyar ko shida za su sauka tare da su, mai yiwuwa minti biyu ba za su yi da rai ba. In suka sauka a gefe za su zauna lafiya, amma kayan kaɗan ne, da'irar kuma tana iya tsukewa nesa da su, su yi ta gudu a fili ana harbinsu kamar zabi. Shugaban kirki yana duban hanyar jirgin, ya ƙiyasta inda jama'a za su taru, ya zaɓi wuri tsaka-tsaki inda akwai mota kusa.

Bayan an sauka sai rabon aiki. Akwai mai shiga gaba, wanda hannunsa ya fi sauri. Akwai mai bindigar nesa, wanda yakan hau tudu ko soro ya zama idon sauran. Akwai mai ɗaukar magani da gurnetin hayaƙi. Shi shugaban kuwa sau da yawa ba shi ne gwanin harbi ba, idonsa yana kan taswira da agogo. Mun ga wani rukuni inda ƙaramin cikinsu, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, shi ne yake ba da umarni, yayyensa kuma suna bi. Da muka tambaya, sai babban ya ce, "Malam, shi ne ba ya ruɗewa."

Kayan da aka tsinta ma sai an raba. Wanda ya sami madubin hangen nesa ya miƙa wa mai bindigar nesa, ko da shi ma yana so. Wanda ya tara harsashin da bai dace da bindigarsa ba ya zubar wa wanda yake bukata. Mai rowa a nan ba ya ɓoyuwa, gama sa'ad da ya mutu akwatinsa yakan buɗe, 'yan'uwansa su ga magani biyar da ya ɓoye alhali ɗaya daga cikinsu ya roƙa ya ce babu.

Abin da ya fi kama hankalinmu shi ne tashin wanda ya fāɗi. In aka harbi ɗaya daga cikin huɗun ba ya mutuwa nan take. Yakan durƙusa yana rarrafe, jininsa yana zuba a hankali, sai wani daga rukuninsa ya zo ya tsaya a kansa 'yan daƙiƙu kafin ya miƙe. A cikin daƙiƙun nan mai taimakon ba ya iya harbi. Abokan gāba sun san haka, shi ya sa sukan bar wanda ya fāɗi da rai, su yi kwanto suna jiran mai zuwa ceto. Me za a yi ke nan? In ka ruga da gudu, ku biyu kun tafi. In ka ƙi zuwa, abokinka yana kallonka, gobe kuma tare za ku tafi gona. Gwanaye sukan jefa hayaƙi tukuna, ɗaya ya yi ta harbi domin ya ɗauke hankalin maƙiya, na uku ya lallaɓa ya tashe shi. Wani lokaci kuma wanda ya fāɗin da kansa yakan ce, "Ku bar ni, ku shiga da'ira." Yaro ɗan shekara 14 yana yanke irin wannan shawara sau goma a dare ɗaya.

Akwai kuma haƙuri. Sabon shiga da ya hango mutum sai ya buɗe wuta, ya tona asirin inda rukuninsu yake. Tsohon hannu yakan bar rukuni biyu su gwabza, sa'ad da suka gaji, maganinsu ya ƙare, sai ya fāɗa wa wanda ya rage. Maharban dā ma haka suke yi da namun daji a bakin tafki.

A nan bari mu faɗi wani abu na malanta. A saman gilashin wasan akwai ma'aunin kusurwoyi mai lambobi, daga 0 zuwa 360. Yaran da muka yi ta fama da su a aji a kan gabas da arewa maso yamma, yau sai ka ji suna cewa, "Mutum biyu a 45, bayan itace," sauran kuma su juya daidai. Karatun taswira da ƙiyasin nisa sun shige su ba tare da bulala ba.

Abin da yake ɓata musu rai

Yaron Yankwashi yana shiga wannan fili da nakasu tun kafin a fara. Duk taɓawar da ya yi wa gilashi sai ta tafi ƙarfen sabis, ta bi waya ta ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa har ta ƙetare teku zuwa babbar kwamfutar wasan a wata ƙasa, sa'an nan amsa ta dawo. Akwai 'yar lamba a gefen gilashi da take nuna wannan jinkiri, ana auna ta da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wanda yake kusa da babbar kwamfutar yana iya ganin 30. Namu yakan ga 150 ko 200, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A ido ba kome ba ne, amma a wasan harbi ya isa a kashe ka kafin ka ga wanda ya kashe ka. Yaro ya ɓuya a bayan bango, ya tabbata ya tsira, sai ya ga ya fāɗi, gama a wurin babbar kwamfutar bai riga ya kai bangon ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da dama da suke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, sabis ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta kwana da kwanaki. A lokacin ne samari da yawa suka fara sanin cewa wasansu ta cikin teku yake bi.

Ga kuma wuta. A ɗauke ta kwana biyu, batir ya mutu ana saura rukuni uku. Ga zafin bazara, wayar ta yi zafi har ta riƙa tsayawa. Ga kira: uwa ta bugo daga kasuwa daidai lokacin da ake tsakiyar artabu, gilashi ya rufe, kafin ya dawo an gama da shi. Ga masu maguɗi, waɗanda suke sa wata manhaja da take nuna musu mutum ta bayan bango. Kamfanonin suna rufe asusunsu, amma gobe su buɗe wani.

Duk da haka, da muka tambaye su abin da ya fi musu ciwo, ba sabis suka ce ba. Mutum suka ce. Wanda ya sauka shi kaɗai a wani gari dabam, ya mutu, ya dame su da ihu. Wanda ya ɗauki mota ya tafi ya bar uku a ƙasa. Wanda da ya fāɗi sai ya fita daga wasan don fushi, bai jira a tashe shi ba. In kuwa rukuni bai cika ba, wasan yakan haɗa su da baƙo daga wata ƙasa, ba ya jin Hausa, su ba sa jin harshensa, abin da kowa ya iya na harshen wani kuwa zagi ne. Mun ji kalmomi a bakin yaran da suke rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi waɗanda ba za mu iya rubuta su a wannan shafi ba. Mun kuma san abokai biyu, gida ɗaya suka tashi, da suka yi mako uku ba sa gaisawa saboda ɗaya bai zo ya tashi ɗaya ba.

Kuɗin fa?

Ana sauke wasannin kyauta, amma masu su ba sadaka suke yi ba. Ana sayen data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta yarda da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025. Ana biyan caji, wanda shi ma ya tashi bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023, gama shagunan caji da yawa da janareto suke aiki. Sa'an nan a cikin wasan akwai kasuwa: rigar soja mai ado, bindiga mai zāne, rawar da mutum zai taka in ya ci. Yawancinsu ado ne kawai, amma yaron da yake sanye da rigar kyauta yana jin kunya a gaban abokansa kamar wanda ya zo bikin Kirsimeti da tsohuwar riga.

Wanda ya fi damunmu shi ne akwatin sa'a. Ka biya, a juya, ba ka san abin da zai fito ba, abin da kake so kuwa da wuya ya fito. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan akwati da ake saye da kuɗi caca ne. Mu ma haka muka gan shi. Akwai kuma 'yan damfara masu aiko da saƙo wai za su ba da lu'ulu'un wasa kyauta in yaro ya ba da lambar sirrinsa. Wayar kuwa sau da yawa ta uba ce, da asusun bankinsa a ciki.

Waɗansu samari sukan ce da wasan za su yi arziki. Gaskiya ne akwai gasa: a ta duniya ta Free Fire da aka yi a Singafo a 2021 an raba dala miliyan 2, wata ƙungiya daga Tailan ta zo ta ɗaya. Amma miliyoyi ne suke bugawa, 'yan ƙalilan ne suke cin abinci da shi, su ma da sabis da wayoyin da yaron Gwiwa bai taɓa riƙewa ba.

Zai sa yaro ya zama mai kisa?

Wannan ita ce tambayar da iyaye mata suka fi yi, ba kuwa za mu raina ta ba. Roni da Gwiwa suna iyaka da Jihar Katsina. A 2021 sai da aka rufe layukan waya a Zamfara da waɗansu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Akwai gidaje a cikinmu da suka karɓi 'yan'uwa da suka gudo. A wurin irin waɗannan ƙarar bindiga ba abin nishaɗi ba ce, ya kamata yaro ya san haka, ya rage murya ko ya kashe wasan in suna kusa.

Masana sun daɗe suna bincike. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar shaida da ta nuna wasannin nan suna sa mutum ya aikata kisa ko ta'addanci, amma akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da zafin rai, kamar tsawa da ture-ture. Wannan ya yi daidai da abin da muke gani a makaranta. Ba mu ga yaron da ya nemi bindiga ba. Mun ga masu barci a aji, masu saurin fushi, da waɗanda makinsu ya zube a zango ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har abin ya kai kamar shekara guda. Yawancin masu wasa ba su kai nan ba. Ƙasar Sin, inda ake ƙera da yawa daga cikin wasannin, ta kafa doka a 2021 cewa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai za su yi a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Abin lura ne cewa masu dafa abincin su ne suka fara auna wa 'ya'yansu.

Ya ku iyaye

Ba mu ce a fasa waya ba. Wanda aka ƙwace wa a gida zai je ya ara a tasha, inda ba mai ganinsa. Abin da muka ga yana aiki shi ne uba ya san su wane ne sauran ukun. In 'ya'yan maƙwabta ne da kuka san iyayensu, ku iyaye huɗu ku haɗa baki a kan lokaci ɗaya, gama yaro ba ya iya barin wasa shi kaɗai alhali uku suna kiransa, amma in an rufe wa duka huɗun ƙarfe tara, magana ta ƙare. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. A cire katin banki daga cikinta. A duba shekarun da aka rubuta a jikin wasan kafin a sauke: a Amurka an sa wa Call of Duty Mobile alamar 'yan shekara 17 zuwa sama, mu kuwa muna ganinsa a hannun 'yan firamare. A cikin wasan akwai wurin da ake rufe muryar baƙi a bar ta 'yan rukuni kaɗai, ku sa yaron ya nuna muku, ya rufe a gabanku.

Abu ɗaya kuma da yake haddasa rigima a gidaje ba gaira ba dalili: wannan wasa ba a tsayar da shi. Ba kamar dara ba ne da za a bar 'ya'yan a gurbinsu a je a dawo. In uwa ta ce, "Ajiye wayar nan yanzu ka ɗebo ruwa," abin da yaron yake ji shi ne ya yashe abokansa uku a tsakiyar fili, wasan kuma zai rage masa matsayi. Shi ya sa yake cewa "ina zuwa" har ran uwa ya ɓaci. Gara a tambaye shi tun kafin ya shiga ko ya gama aikinsa. In kuwa ya riga ya shiga, a tambaye shi saura mutum nawa. Lambar tana nan a saman gilashi, uwa ma tana iya gani da idonta. In ta ga saura 12, minti biyar ya isa. In ya gama wannan, kada ya danna na gaba sai tulu ya cika.